Hajo Mai Taga da Ɓeran Masar

A Gubuchi in ka ce Hajo, sai a tambaye ka wacce, don masu sunan ba su da iyaka a garin. Amma in ka ce Hajo Mai Taga, ko wanda aka haifa bayan rasuwarta zai nuna maka gidan. Yaran yanzu suna cewa wai gayu ne ya sa ta, wai taga ta gani a gidan Bature ta zo ta kwaikwaya. Ƙarya suke yi. Hajo ba ta taɓa taka gidan Bature ba, gayu kuwa ko hanya ba su haɗa ba. Saboda ɓeran masar ta fasa bango, kuma a kan haka ta ja da gida guda.

'Yar Saulawa ce, aure ya kawo ta Gubuchi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuma in ta kira akuya daga tsakar gida har bakin rijiya ana ji. Mijinta Ya'u mai dafa mazarƙwaila ne. Daga an fara saran rake har zafi ya shigo, doki yana zagaya injin matsa, shi kuma yana tsaye a kan wuta yana juya ruwan rake har ya yi kauri, hayaƙi na dukan fuskarsa. Shekara ashirin yana wannan. Ita kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a cikin shigifarta take yi, ɗakin ƙasa mai rufin ƙasa, ƙofa ɗaya tal. Haka kowace mace take yi, balle da damina. Rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin, in ka ɗaga hannu ka taɓa azara sai ka wanke da toka.

Da ciwon ƙirji ya kama Ya'u, numfashinsa ya riƙa fita da wata 'yar ƙara, kamar ana busa cikin kara. Aka yi masa abin da aka saba yi wa kowa. Aka ce iska ce ta shige shi, saboda haka aka saki asabari aka toshe ƙofa. Ƙaninsa Inuwa ya taka har Kudan ya karɓo sassaƙe da ganyaye wurin mai magani. Safe da yamma Hajo ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa maganin, ta lulluɓa wa mijinta gwado ya shaƙa. In ya yi tari har idonsa ya firfito, sai a ce maganin ne yake aiki. Wata biyu tana haka, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ya rasu ana tsakiyar damina, mata suka yi ta yabonta, suna cewa ba a taɓa ganin mai jinya irin Hajo ba.

Ba ta koma Saulawa ba. Ɗanta yana Kaduna yana aiki a masaƙa, ɗakin kuma rabonsa ne, sai ta zauna. Inuwa ya zama mai gida. Da can akwai wasa tsakaninsu, irin na ƙanin miji da matar wa, ta ce masa rago ya ce mata mai rowar ƙuli. Tun da gida ya koma hannunsa wasan ya yi sanyi, gaisuwa ta ƙara tsawo.

To, shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga kore da fari, akwai wani malamin gona a garin, Ilisha, mutumin kudancin Zazzau. Matarsa Selina wurin Hajo take sayen mai, tun suna ciniki har suka koma hira. Selina tana kiwon ɓeran masar, wasu 'yan halittu masu kama da zomo amma ba dogon kunne, ba wutsiya. Da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta shigo sallama da guda ɗaya a cikin kwando, fari mai dabbaren ja a ido ɗaya.

Ta ce, "Mama, ga wannan ya riƙa taya ki hira. Ciyawa kawai yake so."

Hajo ta leƙa kwandon ta taɓe baki. "Ke 'yar nan, ɓerayen da ke cinye mini gyaɗa ba su isa ba sai kin ƙaro mini na Masar?"

Amma ta karɓa. Ta sa masa suna Baƙo, wai tunda ba a san iyayensa ba.

Kafin wata ya zagayo, Baƙo ya gama da ita. In ta dawo daga rijiya da ɗanyar ciyawa a gefen zane, tun daga zaure yake jin motsinta, ya kama tsuwa kamar ana yanka shi. Ta shigo tana faɗa: "To sarkin ci, na ji, ai ba gona na ajiye maka ba." Ya zauna a kan ƙafarta yana jan ciyawa ɗaya-ɗaya, ita kuma tana ɓarar gyaɗa tana ba shi labarin wanda ya ɓata mata rai a kasuwa. Shekara uku ke nan ba wanda ya yi murnar shigowarta ɗakin nan. Tana sonsa, kuma ba ta ɓoye ba. Indo matar Inuwa, mace mai sanyin hali, takan tsaya a bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Yaya, wannan ai ɗan auta kika samu."

Da damina ta kankama, Baƙo ya fara atishawa. Sannan hanci ya soma ruwa, ido ya yi kwantsa, ya bar tsuwa. Ran nan da hantsi Hajo tana tsugune tana murza tunkuza, sai ta ji ƙarar daga cikin kwando. 'Yar ƙara ce siririya, tana fita tare da kowane numfashi, haƙarƙarinsa yana ɗagawa yana faɗawa. Hannunta ya tsaya cak a cikin tunkuzar. Ta san ƙarar nan, wata biyu ta yi tana kwana da ita tana tashi da ita.

Shawara kuwa sai ta fara shigowa kamar ranar suna. Wannan ta ce a jefa wa mage, wancan ya ce ɓera ɓera ne ko daga Makka ya zo. Masu tausayi suka ce sanyi ne, a matsar da shi kusa da murhu, a yi masa hayaƙi. Hajo ta matsar da shi kusa da murhu, ƙarar ta ƙaru. Ranar kasuwar Makarfi ta ɗora ƙulinta a ka, ta riƙo kwandon a hannu, ta nufi ɗakin shan magani. Malamin da ke ba da magani ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na mutane ma bai isa ba. Ta ce masa Allah ya ƙara ilimi, ta juya.

Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. A hanyar dawowa, tsakanin gonakin rake, ta tsaya ta gyara gammo, sai ta lura kwandon ya yi shiru. Ta zaci ya mutu. Ta buɗe, ga Baƙo nan yana kallonta, numfashi lafiya lau, har ya ja ganyen da ta miƙa masa. Suka iso gida, ta hura wuta ta ɗora gyaɗa. Kafin gyaɗar ta soyu ƙarar ta dawo.

Hajo ba mai saurin yarda ba ce. Washegari ta fitar da shi gindin bishiyar bedi a bayan gida, ƙarar ta lafa. Ta mai da shi ɗaki, ta taso. Sau uku tana gwadawa. A na ukun ta zauna a bakin gado, a daidai inda Ya'u yake kwanciya, ta ɗaga kai ta dubi baƙin rufin nan, ta dubi kaskon da ke jingine a lungu. Ta daɗe a zaune. Ba ta gaya wa kowa abin da ta gano ba, amma ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Da safe ta tumɓuke duwatsun murhunta ta fito da su waje, ta kafa 'yar rumfa da zana. Wa ya taɓa ganin mai ƙuli tana suya a waje da tsakiyar damina? Itace ya jiƙe, ruwa ya ɗiga cikin mai, wata rana ma tunkuza guda ta lalace. Ko a jikinta. Ta zubar da busasshiyar harawar da take shimfiɗa wa Baƙo, don ta ga tana sa shi atishawa, ta yaga tsohon zanenta ta shimfiɗa, kullum ta wanke ta sauya. Ta riƙa goge masa hanci da tsumma mai ɗumi. In ya ƙi ci, ta dama kamu ruwa-ruwa ta ɗiga masa a baki da yatsa, tana yi tana zaginsa. Ya ɗan farfaɗo, amma bai warke ba. Hayaƙin murhu huɗu na gidan duk ƙofarta yake shigowa, in ya shigo kuma ba ta inda zai fita. A waje kuwa ga ruwa, ga shaho, ga mage.

Saboda haka ran wata Talata bayan azahar, ta ari dagi a maƙwabta, ta hau kan turmi, ta fara saran bangon baya. Kafin Inuwa ya dawo daga gona ta huda rami wanda kan mutum zai shiga, haske ya faɗo kan gado karo na farko tun da aka gina ɗakin.

Inuwa ya tsaya a bakin ƙofa, fartanya a kafaɗa. Bai manta ladabi ba, sai da ya gaishe ta da gida, ya gaishe ta da aiki, sannan ya ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Taga ce, Malam Inuwa. Ko ba ka taɓa gani ba?"

"Bangon nan ubanmu ya gina shi. Bayansa hanyar rijiya ce. Duk namijin da ya wuce sai ya leƙa cikin gidana ke nan? Ga ɓarayi. Ga ruwa zai jiƙa ginin ya zube."

Gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce, ita ma ta sani. Amma ta ce, "Wanda ya leƙo zai ga tsohuwa da ɓera, Allah ya ba shi ladan kallo. Ubanku ya gina, ni nake shaƙa."

"Saboda ɓera fa, Yaya."

"Saboda shi."

Labari ya bazu. A bakin masallaci aka riƙa tsokanar Inuwa, ana tambayarsa ko shi ma sai ya nemi izinin ɓera kafin ya shiga gida. A rijiya mata suka ce tun da aka samu mulkin kai kowa ya haukace, har tsofaffi. Masu wucewa suka riƙa ƙwala sallama ta ramin, suna tambayar jikin mai gida. Hajo ta riƙa amsawa da ƙarfi: "Da sauƙi, ya ce a gaishe da uwarka." Ta soka ƙirare uku a ramin don mage, ta ajiye kwandon a ƙasansa inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Cikin mako biyu Baƙo ya yi tsuwa. Ba ta da ƙarfi kamar da, amma tsuwa ce, kuma Hajo ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa ita kaɗai.

Inuwa dai abin yana cinsa. Ya aiko mata da dattijon unguwa, ta ba shi ƙuli ta sallame shi. Ya ce zai sa a rubuta wa ɗanta wasiƙa, ta ce a gaishe shi. Da ya ga baki ba zai yi ba, sai ya jira ranar kasuwa.

Ranar an tashi da yayyafi da sanyi. Hajo ta ga hanya ba ta ɗaukar maras lafiya ba ce, ta bar wa Indo amanarsa, ta nuna mata ciyawa da ruwa, ta tafi. Ko Makarfi ba ta kai ba Inuwa ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya zare ƙiraren, ya toshe ramin ciki da waje, ya shafe sumul, ya tafi gona. Indo ta leƙo da rana ta tarar da Baƙo ya takure yana atishawa. Tausayi ya kama ta. Baiwar Allah ba ta yi don mugunta ba, wallahi ba ta yi ba. Ta tuna akwai ragowar maganin nan na Kudan a cikin tukunya. Ta ɗauko kaskon da ke lungu, ta zuba garwashi, ta barbaɗa, ta ajiye kusa da kwando, ta lulluɓe su da zane, ta saki asabari don kar iska ta shiga.

Hajo ta dawo da la'asar. Tun daga zaure ta ji warin, kuma ba ta ji tsuwa ba. Ta yar da kayan kanta a nan, kwalaben mai suka tarwatse. Ta fizge asabarin, hayaƙi ya yo waje, ta lalubo kwandon cikin duhu ta fito da shi. Baƙo yana kwance a gefe ɗaya, baki buɗe, kowane numfashi sai ya ja shi da dukan jikinsa, ƙarar kuwa har daga bakin turmi ana ji. Ta miƙa wa Indo kwandon ta ce, "Riƙe shi a iska." Ta ɗauki taɓarya ta koma ɗaki. Ƙasar ba ta bushe ba, bugu uku ta faɗa waje. Ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da dukan tsohon ginin har ramin ya ninka na da.

A haka Inuwa ya shigo ya same ta, ƙasa har gira. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Kafin ka ce komai, zo nan. Sunkuya. Saurara."

Ya sunkuya kan kwandon don bai san yadda zai ƙi ba.

"Ka taɓa jin wannan ƙarar?"

Ya san ta. Shi ma ya zauna a ɗakin nan wata biyu yana riƙe da hannun wansa.

Ta ce, "A ɗakin nan, da kaskon nan, da maganin nan. Kai ka karɓo, ni na hura. Yana tari muna cewa sauƙi ne. Sau nawa ya ɗaga gwadon yana neman iska ni kuma ina mayar masa?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani, kwana na Allah ne. Amma hayaƙin da bakina na hura shi. Shekara uku ana yabona da jinya, sai da ɓera ya zo daga wata uwa duniya ya nuna mini abin da na yi. Yayanka ya tafi, ba ni da yadda zan yi. Wannan kuwa yana hannuna, kuma ba zan yi sau biyu ba."

Indo ta fashe da kuka, tana cewa ita ta kashe shi, a yafe mata. Hajo ta juya ta dube ta, duk zafin nan ya sauka daga muryarta. Ta ce, "Yi shiru, Indo. Abin da na koya miki kika yi. Ke kika riƙa miƙo mini garwashin."

Ta yi duk abin da ta sani. Ta goge hancin, ta ɗiga kamu, ta ɗora shi a cinya a gindin ramin tana yi masa fifita. Washegari da hantsi ya ɗan ɗaga kai, ta miƙa masa ɗanyar ciyawa, ya kama da baki bai tauna ba. Ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Ta zauna da shi a cinyar har rana ta take, tana kuka a fili, ba ta damu da wanda zai leƙo ba. Sannan ta naɗe shi a tsumman zanenta, ta zagaya bayan gida da rana tsaka, mata na wucewa da tuluna, ta haƙa rami a gindin tagar ta binne shi. Ba wadda ta yi dariya.

Inuwa ya bari aka kwana uku. Ya zo bayan la'asar, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, har da "ya ƙarin haƙuri", abin da ba a taɓa yi wa dabba ba a garin. Sannan ya sassauta murya.

"Yaya, abin da ya faru ya faru, ni ma ban ji daɗi ba. To tunda wanda aka yi dominsa ya tafi, sai a mayar da bangon yadda yake, bakin mutane ya huta."

Hajo tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Shi ya tafi, Malam Inuwa. Ni da sauran numfashina. In ka toshe da safe zan fasa da yamma, kuma duk fasawa sai ta fi ta baya girma. Ka duba ko bangon ubanku zai iya."

Ya dubi ramin, ya dube ta, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Bai sake kwaɓa ƙasa ba.

Ta ƙara shekara goma sha tara a ɗakin. Da damina feshi yakan shigo, sai ta ja gado gefe. Murhunta bai sake komawa ciki ba, kaskon kuwa ta fasa shi ta zuba wa kaji ruwa a gutsuren. Duk gidan da ta ji an rufe mai ciwon ƙirji ana yi masa hayaƙi, sai ta je ba gayyata ta ɗage asabarin, a zage ta ta rama. Wasu suka ji, da yawa ba su ji ba. Selina ta aiko mata da saƙo ko tana son wani ɓeran, ta ce a'a, ɗaya ya isa.

Sai dai hannu bai manta ba. Har ta tsufa, in tana dawowa daga rijiya sai ta sunkuya ta tsinko ɗanyar ciyawa ta ƙulle a gefen zane. Sai ta iso zaure ta ji shiru sannan take tunawa. Takan tsaya kaɗan, ta zagaya baya, ta zube ta a gindin tagar, ta shiga gida ta kama aikinta.